Fashin Baƙi: Bawul Mai Sakin Iska da Lemun Citta Mai Gas a Zafin Yamai

Duk mai sana'ar lemun citta ko zoɓo a Yamai ta san gorar da ta kwana wajen kula a watan Afrilu. Da safe za a tarar ta yi tauri kamar dutse, gindinta ya turo waje har ba ta iya tsayawa a kan tebur, kuma da an murɗa murfi sai "fusss", rabin lemun ya bi hannu ya zube ƙasa. Ruwa ba ya tsami banza. A jikin ɓawon citta akwai ƙwayoyin yis, ƴan uwan wanda ake sa wa burodi. Sun samu sukari da ɗumi, suka ci, suka fitar da iskar kabon, iskar kuma ta rasa hanyar fita.

Wannan iskar da ke fasa gora ita ce dai wadda ke tsikarar harshe a lemun kwalba na kanti, shi ya sa wasu suke son su riƙe ta da gangan. Kayan aikin da ake riƙe ta da shi wani ɗan bawul ne, abin da makanikai a nan ke kira supap. Masu dafa giya na Jamus ne suka daɗe da shi, suna kiransa Spundapparat, daga kalmarsu ta toshiyar ganga. Ba baƙon abu ba ne a wajenmu: ɗan ƙarfen nan da ke huci a kan murfin tukunyar matsi in ana dafa wake ko ƙafar saniya, aiki ɗaya suke yi. Bambancin kawai shi ne wannan ana iya saita shi, kuma yana tare da agogon da ke nuna matsi.

Cikinsa ba wani abin mamaki. Sifirin ne yake danne wata ƴar toshiya a kan rami. Muddin ƙarfin iskar da ke cikin tulu bai kai na sifirin ba, ramin a rufe yake. Da iskar ta rinjaye shi sai toshiyar ta ɗaga, rarar ta fita, ta koma ta zauna. A sama akwai abin murɗawa: in an ɗaure, sifirin ya ƙara dannewa, matsi ya hau, in an sassauta, ya sauka. Iri biyu ake samu. Mai toshiya ko ƙwallo ya fi araha amma ba ya tsayawa daram, yau ya saki a nan gobe a can, musamman in sukari ya ɗan danƙare a bakinsa. Mai faifan roba a ciki ya fi riƙe inda aka sa shi, kuma shi ya fi dacewa in ana aiki da matsi kaɗan.

Lissafin da komai ya rataya a kansa

Yis in ya ci sukari yana raba shi gida biyu kusan daidai: rabin nauyin ya zama iskar kabon, rabi ya zama barasa. Giram 10 na sukari suna ba da kamar giram 5 na iska da giram 5 na barasa. Yawan iskar da ta narke a abin sha kuwa ana ƙirga shi da ninki: ninki 1 shi ne lita ɗaya ta iska ta narke a lita ɗaya ta ruwa, wato kimanin giram 2. Giyar kwalba takan tsaya wajen ninki 2.5, lemun kanti yakan kai 3 zuwa 4. Ke nan giram 4 na sukari a kowace lita sun isa su ba da ninki ɗaya.

To a duba lemun citta na sayarwa, wanda ba a rasa giram 100 na sukari a litarsa. In aka bar yis ya cinye shi duka, iskar da za ta fito ta kai ninki 25, sau goma na abin da ake bukata. Babu kwalbar da za ta ɗauki wannan. Abin da bawul yake yi shi ne ya tsare kason da ake so, ya zubar da saura.

Amma ba a nan gizo ke saƙar ba. Tun 1803 wani masanin Ingila, William Henry, ya nuna cewa yawan iskar da ruwa ke haɗiyewa yana bin matsin da ke kansa: a ninka matsi, iskar da ta narke ta ninku. Abin da mutane ke mantawa shi ne zafi ma yana da nasa hannu a ciki, kuma hannunsa mai nauyi ne. Ruwa mai sanyi yana karɓar iska da sauƙi, mai ɗumi sai an tilasta masa. Ga abin da agogo zai nuna a ma'aunin matsi da ake kira bar, a ƙiyasce, kafin a samu ninki 2.5: a digiri 4, wato sanyin firigo, bar 0.8 ya isa. A digiri 10, bar 1.2. A digiri 20, bar 1.9. A digiri 25, bar 2.3. A digiri 30, bar 2.8. A digiri 35 sai an haura bar 3, a digiri 40 kuwa ana dab da bar 4.

A sake karanta waɗannan lambobi da Yamai a zuciya. Yawancin bayanan da ke yawo a intanet an rubuta su ne a ƙasashen da ɗakin ajiya ke zama a digiri 12 zuwa 20. In suka ce "sa bawul a bar 1", gaskiya suka faɗa a garinsu. Wanda ya kwafi wannan lamba ya sa a ɗakin da ke digiri 33 da rana tsaka, zai samu abin sha da bai wuce ninki 1.2 ba, salam, sai ɗan kumfa a sama. Shi kuma wanda ya ce bari ya yi ta ɗaurewa har gas ya ji, zai kai tulunsa inda ba a ƙera shi ya kai ba. Lambar da ke kan agogo ba ta da ma'ana sai an haɗa ta da zafin ruwan da ke ciki. Saboda haka ma'aunin zafi bai gaza bawul muhimmanci ba, kuma a manna shi a jikin tulun, a rufe da ɗan tsumma, ba a rataye shi a bango ba.

Don a gane me ake nufi da bar: tayar ƙaramar mota da mai faci ke bugawa tana tsakanin bar 2 da 2.5. Bar ɗaya kamar nauyin kilo ɗaya ne a kan kowane murabba'in santimita. Murfin da faɗinsa ya kai murabba'in santimita 60, a bar 2.5, yana tokare da kilo 150, buhu uku na shinkafa mai kilo 50. Wannan nauyi ne ke jiran wanda ya buɗe murfi bai saki iska ba.

Tulun da za a ɗaura wa

Abin da ya fi dacewa shi ne tulun ƙarfe marar tsatsa mai lita 19 da ake kira Cornelius, wanda asalinsa kamfanonin lemu ne suke zuba kayansu a ciki. An ƙera shi ya jure har wajen bar 9, kuma murfinsa yana da nasa ƙaramin bawul na gaggawa mai zoben ja. Yana da baki biyu: na iska mai gajeren bututu, da na ruwa mai dogon bututu har gindi. Bawul ɗinmu a bakin iska ake sa shi, ba a na ruwa ba. Wanda ya juya su zai ga lemu yana tsartuwa ta cikin agogo. Zoben roba biyar ne a jikinsa: babba a murfi, biyu a bakuna, biyu a ƙarƙashin bututun. In tulun na hannu ne a canza su duka, don tsohon zobe yana riƙe warin abin da aka taɓa zubawa kuma yana tsattsagewa.

Akwai tuluna na roba mai haske da aka yi musamman don wannan aiki, amma da yawansu iyakarsu bar 2.4, kuma ba sa son rana ko ruwan zafi. A koma kan lambobin ɗazu: a digiri 30 irin wannan tulu ba zai iya kai ninki 2.5 ba sai an ƙetare iyakarsa. A hunturu, watan Disamba da Janairu, zai yi aiki. A bazara sai dai cikin firigo. Jarkar mai ta lita 25, bokitin roba da kwalbar gilas da aka tsinto kuwa, ko kusa. Jarka ba don matsi aka yi ta ba, takan kumbura ta tsage a ɗinki. Gilas in ya fashe ba gargaɗi, kuma ido yake nema.

Kafin a zuba komai a saita bawul. In akwai tukunyar iskar kabon, wato tukunyar gas da aka ɗura wa kabon, a cika tulun da ba komai a ciki zuwa ɗan sama da abin da ake so, a ɗaure bawul har ƙarshe, a maƙala shi, sannan a riƙa sassautawa a hankali har ya fara huci, a bari allura ta sauka ta tsaya kan lambar. In babu tukunya, a fara da shi a ɗaure kaɗan, a jira tsimuwa ta ɗaga allura, a daidaita a lokacin. Kullum daga sama ake saukowa, kuma kwata-kwatan zagaye ake murɗawa, a jira minti ɗaya a ga inda allura ta zauna. Daga nan a shafa ruwan sabulu a kowace mahaɗa. Inda kumfa ya tashi, nan iska ke tserewa.

Hanyar yis, da abin da ke tare da ita

Ga misali na lita 15 a tulun lita 19. Citta giram 600 zuwa 750, a wanke a niƙa, a tafasa minti 10, a tace da ƙyalle mai laushi. A bar ruwan ya zauna awa ɗaya. Za a ga wani farin gari kamar kamu ya kwanta a gindin roba, a tsiyaye na sama a bar shi. Wannan gari da zaren citta su ne ke toshe dogon bututu, kuma su ke sa lemu ya tashi kumfa lokacin zubawa. A narkar da sukari kilo 1.2 zuwa 1.5, a matsa lemun tsami, a jira ya huce ƙasa da digiri 30 kafin a sa yis giram 2. In ruwan yana da zafin da hannu ba zai iya daɗewa a ciki ba, yis zai mutu.

Waɗannan lita 4 da aka bari babu komai a sama ba asara ba ce. Nan kumfa ke tashi ya kwanta. In aka cika tulu fal, kumfa mai sukari zai shiga bawul, ya bushe, ya manne toshiya. Ko dai ta manne a buɗe iska ta tsere duka, ko ta manne a rufe matsi ya yi ta hawa ba mai tsaron ƙofa. Na biyun shi ne abin tsoro. Masu taka-tsantsan sukan sa wani ɗan tulu mai jure matsi tsakanin babban tulun da bawul, kumfa ya faɗa can.

Akwai wani abu da ke yaudarar mutane a nan. Lokacin da aka rufe murfi, sararin sama cike yake da iskar da muke shaƙa, kuma agogo ba ya bambanta iska da iska. Lambobin da muka kawo sun ɗauka cewa kabon ne zalla a saman. In ba a kori waccan ba, allura za ta nuna bar 2.5 alhali ƙarfin kabon ɗin ya gaza abin da lissafi ya ɗauka da kusan bar guda. Maganinsa: da allura ta kai rabin bar, a ja zoben murfi a saki, a maimaita sau uku ko huɗu, sannan a bar shi ya hau. Wani lokaci kuma allura ba ta motsawa sam ko da yis yana aiki. Murfin irin wannan tulu daga ciki yake toshewa, matsi ne ke danna shi ya zauna. In babu matsi tun farko, iska na sulalewa ta gefen zobe. A jiƙa zoben, a zaunar da murfi daidai, ko a ba shi ɗan bugun iska daga tukunya.

A ɗakin da ke digiri 28, bawul a wajen bar 2.5, yawanci kwana ɗaya zuwa biyu ya isa. Da ya fara huci, aiki ya kammala, a kai tulu firigo nan take.

Nan ne ya kamata a tsaya a yi magana ba rufa-rufa, domin yawancin masu karanta wannan Musulmi ne, masu saye ma haka. Duk iskar da yis ya samar, ya samar da barasa daidai nauyinta. Kimanin giram 17 na sukari a lita suna ba da barasa kashi 1 cikin 100. Kafin lemu ya kai ninki 2.5, in an haɗa da iskar da ta cika sararin sama da wadda aka kora, barasar ta kai tsakanin kashi 0.6 da kashi 1. Wannan in an tsayar da shi a kan lokaci ke nan. Bawul ba ya tsayar da tsimuwa. Iska kawai yake saki, yis na ci gaba da cin sukari. Allura na nan daram a kan 2.5, mutum na ganin komai lafiya, alhali kowane huci da bawul ya yi shaida ce cewa zaƙi ya ragu barasa ta ƙaru. In aka bar shi kwanaki har sukarin ya ƙare, ana maganar kashi 5 zuwa 6, wato giya ce sosai. Sanyin firigo ma kwantar da yis yake yi, ba kashe shi ba. Wuta ta ɗauke yini guda, tulu ya yi ɗumi, ya farka ya ci gaba daga inda ya tsaya. Ba daidai ba ne a sayar wa mutum irin wannan da sunan lemu ba tare da ya san abin da ke ciki ba.

Masu dafa giya su barasar suke nema, saboda haka nasu amfani da bawul ɗin iri biyu ne. Wasu suna sa shi tun ranar farko a bar 0.7 zuwa 1, don matsi yana rage hayayyafar yis da ƙamshin ayaba da yake fitarwa in ya ji ɗumi. Da haka yis ɗin da ke son digiri 8 zuwa 12 yake iya aiki a 18 ko 20. Amma wannan ba ya ceton wanda ɗakinsa ke digiri 35, kuma in matsi ya haura bar 2 tun farko yis yakan ja baya ya bar aiki a rabi. Wasu kuma suna barin iska ta fita kyauta sai dab da ƙarshe. Suna auna kaurin ruwan da ma'auninsa, kowane ɗigo ɗaya, wato 0.001 a ma'aunin, da ya rage yana ba da kamar rabin ninki, sai su rufe in saura ɗigo 4 ko 5: misali a 1.015 in an san zai tsaya a 1.010. Wanda ya makara, sukari ya ƙare, babu abin da zai ɗaga allura. Burkutu namu na dawa bai san wannan duka ba, a buɗaɗɗiyar tukunya yake tsimuwa, iskarsa na tafiya sama.

Hanyar da babu yis

Ga mai son gas ba tare da barasa ba, hanya ita ce tukunyar iskar kabon irin ta abinci, da kan da ke rage matsi. A tafasa ruwan citta ko zoɓo don a kashe yis ɗin da ya zo da kansa, a tace, a zuba, a sanyaya zuwa digiri 4 tukuna. A ba shi iska a ja zobe sau uku don korar ta sama. Sannan a sa bar 0.8 in ninki 2.5 ake so, ko bar 1.4 in ana son ya ciji harshe kamar na kanti, a bar shi mako guda. Mai sauri sai ya sa bar 2, ya kwantar da tulun yana mirginawa minti 5 zuwa 10, ya bar shi ya huta awa biyu. A wannan hanya allura tana riga ruwa: za ta nuna lambar nan take alhali iskar ba ta narke ba tukuna. In an cire tiyo aka girgiza allura ta faɗi, da saura.

Ita tukunyar kabon tana da nata hali da ya shafe mu. A digiri 20 matsin cikinta wajen bar 57 ne, a digiri 31 ya kusa 74, daga nan kuma cikakkiyar tukunya tana hawa da sauri har faifan tsaronta ya iya fashewa. Kada a bar ta a rana ko a bayan mota, a tsayar da ita a ɗaure da bango. Kan gas ɗin girki ba ya hawa kanta, kada ma a gwada. Iskar kabon ta fi wadda muke shaƙa nauyi, ƙasa take kwanciya, ba ta da launi. Lita 15 da suka tsimu gaba ɗaya suna sakin abin da ya kai lita 400 na iska, don haka ba a ajiye tulu a ɗakin kwana, balle inda yara ke barci a tabarma.

Sauran matsalolin ƙanana ne. In an kai tulu firigo allura ta sauko daga 2.5 zuwa ƙasa da 1, ba yoyo ba ne, ruwan ne ya haɗiye iskar. Akasin haka kuma: tulun da aka cika a bar 1.4 cikin sanyi, in wuta ta ɗauke ya yi ɗumi zuwa digiri 35, zai kai kusan bar 4. In bawul na nan a saite a 1.4, zai zubar da gas ɗin duka, wuta ta dawo a tarar da lemu salam. A tulun ƙarfe a ɗaure shi zuwa sama ko a cire. A na roba a bar shi ƙasa da iyakar da aka rubuta, gara a rasa gas da a rasa tulu. In kofi na cika da kumfa, yawanci tiyon zubawa ne ya yi gajarta ko ya yi faɗi: mai ramin milimita 5, tsawon mita 2 zuwa 3, kuma shi ma ya zauna cikin sanyi.

Bayan kowane zubi a kwance bawul, a cire agogon a ajiye gefe don ruwa na lalata shi, a jiƙa sauran a ruwan ɗumi da sabulu, a duba bakin toshiya da haske ko akwai danƙon sukari. Tulun kuma kada a bar ruwan jabel, wato bilic, ya kwana a cikinsa, yana cin ƙarfen ya bar ƙananan ramuka da ido ba ya gani sai ranar da aka sa matsi.